Shekarar da Ba a Binne Inabin Holmirza Ba

Holmirza aka, wato yaya Holmirza kamar yadda muke cewa a nan, maƙwabcina ne shekara arba'in da ɗaya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma rabinta ya zube tun zamanin Sobiyet, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara gyarawa. Don haka idan wani ya ce muku ya san mutumin nan daga talabijin, ku ba shi shayi ku sallame shi. Ni Eshkobil, tsohon direban tarakta, ni na san shi, kuma abin da zan fara faɗa a kansa shi ne, a duk faɗin Sangbulak Allah bai halicci marowaci irinsa ba. Mutum ne da zai tsinci lanƙwasasshiyar ƙusa a hanya, ya zauna ya miƙar da ita da dutse, ya jefa a aljihu. Hular da ke kansa ita ce ta ranar ɗaurin aurensa, matarsa Hosiyat opa, wato yaya Hosiyat, ta rantse mini da haka.

Abin da ya gada wurin ubansa gindin inabi ne ɗari uku da goma sha biyu a gangaren bayan gidansa, dukkansu soyaki, farin inabin nan namu mai tsami-tsami da kakanni suka dasa. Wasu kututturan sun kai kaurin cinyata. Lokacin da muka tumɓuke namu muka dasa irin da ake lodawa a mota zuwa Rasha, wasu kuma suka dasa irin Faransa don kamfani, shi ko motsi bai yi ba. Ba wai don son kakanni ba ne, kada wani ya ruɗe ku. Ya je kasuwar Parkent ya tambayi kuɗin dashe, ya dawo gida ya kwanta kwana biyu da ciwon kai, shi ke nan.

Haka komai nasa yake. Injin feshinsa ya lalace a shekarar casa'in da huɗu, bai sayi wani ba, sai ya daina feshi. Takin zamani kuwa ko buhunsa bai taɓa ɗagawa ba, tumakina ne ke bi ta giɓin katanga su yi masa aikin kyauta, amma duk da haka sai ya leƙo ya yi mini tsiya wai sun ci masa ganye. Ciyawa jakinsa ke cinyewa. Idan inabi ya nuna, ya matse shi ya ɗura a randunan kakansa goma sha ɗaya da ke binne har wuya a ɗakin ƙasa, ya rufe da faifan katako ya liƙe da laka. Ba ya zuba sukari don sukari saye ake yi, ba ya tacewa don tacewa na cin ƙyalle. Abin da ke fitowa giya ce mai duhu-duhu kamar shayin da ya kwana. Yanzu na tuba, amma gaskiya ɗaya ce, ba ta da na biyu.

To, kowa ya san inabi a wurinmu ba ya yin hunturu a waje. Ƙarshen Oktoba a kwance shi daga waya, a rage masa rassa, a lanƙwaso shi a hankali a kwantar a ƙasa, a tula masa ƙasa taƙi biyu, sai Afrilu a tone. Wanda bai binne ba, sanyi ya binne masa. Kuma tsohon itace ba a lanƙwasa shi da ƙarfi. Sai mutum ya san gefen da aka saba kwantar da shi, ya dafa shi da gwiwa, ya bi shi kamar mai kwantar da kakarsa. Gindi ɗari uku ba aikin mutum ɗaya ba ne, shi ya sa Asabar ɗin ƙarshe ta Oktoba ranar gayyar Holmirza ce tun kafin in yi aure. Mu talatin za mu hallara da shebur da fartanya, kafin la'asar mun gama. Rana ɗaya ke nan a shekara da mahauci ke ganin fuskarsa. Hosiyat opa ta dafa osh a babbar tukunya, shinkafa da karas da kitsen rago, mu ci mu lashe hannu. In za mu tafi, kowa a miƙa masa gora ɗaya ta lita biyar.

Wannan binnewar ce ma ta ceci gonar a shekarar tamanin da shida, lokacin da Mosko ta ga dama ta ce a tumɓuke inabin giya ko'ina. Jami'in da aka turo ɗan birni ne, ya zo cikin Disamba da takalmi mai ƙyalli, ya tsaya bakin gangaren ya ga kunya-kunya na ƙasa, ya tambaya mene ne. Holmirza ya ce dankali ne. Mu goma sha biyu da ke wurin muka ce dankali ne, har marigayi Jorakul ya ƙara da cewa bara ya yi kyau sosai. Jami'in ya rubuta dankali ya shiga mota.

Bayan an sami 'yancin kai aka kwashe buhunan hatsi daga masallacin da Sobiyet ta mayar rumbu aka share shi, mu ɗin nan dai da muka yi wa dankali shaida muka fara barin gemu. Sai gorar nan ta zama matsala. Ba wanda ya kira taro, ba wanda ya kawo shawara, kawai wata shekara aka wayi gari sunan abin da ke cikinta ruwan kal. Holmirza aka yana yin ruwan kal, mu kuma muna karɓa don matanmu su jiƙa kokwamba da tumatir. A duk gundumar babu ƙauyen da ya kai mu son jiƙaƙƙiyar kokwamba, in dai da bakin maza za a auna. Limaminmu, Saidazim domla, wato malam Saidazim, mutumin kirki ne da ko ɗigo bai taɓa kai wa bakinsa ba. Shi ke buɗe gayyar da fatiha kowace shekara, kuma shi ma a ba shi gorarsa. Sai dai tasa daga randa ta goma sha ɗaya take fitowa, wadda Holmirza ke bari a buɗe da gangan ta yi tsami ta zama ruwan kal na gaske. Randa guda cur, ga mutumin da ke tsintar ƙusa. Ko domla ya sani ko bai sani ba, bai taɓa tambaya ba, mu ma ba mu taɓa tambayarsa ba, aka yi shekara talatin lafiya lau.

Sai Allah ya kawo Nigina. Yarinya ce 'yar Tashkent mai gidan abinci, motarta ta yi faci a bakin rafi, wani shashasha cikinmu ya ba ta ruwan kal a kofin shayi don ta huce. Bayan sati biyu ta dawo da wani Bature mai ɗaurin gashi kamar na 'yan mata. Ina tsaye a giɓin katanga na ga komai. Baturen ya ɗebi kashin tumakina ya murza ya shinshina ya lumshe ido. Ya rungumi jakin. Da aka nuna masa randunan sai ya durƙusa, na ɗauka zai yi salla ne. Nigina tana fassarawa: wai abin da manyan masana ke ta taro a kai, noman da ba ya cutar da ƙasa, da kiyaye irin gargajiya, da barin giya ta yi kanta, Holmirza ya riga su da shekara talatin. Suka tambaye shi me ya sa ya daina feshi. Na buɗe baki zan ce injin ne, ya harare ni, ya shafa gemu ya ce ƙasa uwa ce, ba a zuba wa uwa guba. Wallahi har yau ban san inda ya samo wannan magana ba.

Daga nan abin ya ɓalle. Aka kawo kwalabe, aka manna musu hotonsa da hular nan. Wata ƙungiya ta ba shi takardar shaida mai tambarin ganye, ya rataye ta a inda hoton surukinsa yake. Baƙi suka riƙa zuwa ranar Lahadi suna juya kofi suna cusa hanci ciki, wannan ya ce yana jin ƙamshin busasshen tuffa, wancan ya ce dutse bayan ruwan sama. Ni dai na san ƙamshin tumakina in na ji shi. Mu ba mu damu ba, don takardar kwalbar da Turanci aka rubuta, kuma a Tashkent ake sayarwa. A Sangbulak ruwan kal ne har gobe. Shi kuma ya fara tafiya yana goya hannu a baya, ya daina cewa gonata sai ya ce gadon al'umma.

Cikin Satumba 'yan talabijin suka zo. Sun ɗauke shi yana shafa inabi, sun ɗauke shi yana kallon dutse, sa'an nan mai tambayar ta ce yaya tsoho ɗaya ke riƙe da wannan duka. A nan ne marowacin nan, sau ɗaya a rayuwarsa, ya ga dama ya yi kyauta. Ya ce ba shi kaɗai ba ne, giyar nan ta dukan Sangbulak ce. Ya fara lissafo mu da suna da sunan uba, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya manta. Norbota aka mai unguwa, wanda ya fi kowa iya kwantar da tsohon itace. Eshkobil maƙwabcinsa, wanda harshensa ke gane randar da ta fi kyau. Ya rufe da cewa Saidazim domla da kansa ke sa wa gonar albarka duk shekara. Idonsa har da ƙwalla.

Ranar Lahadi da hantsi aka nuna shirin, muna zaune a rumfar shayi kusan mu ashirin. Da aka zo kan sunaye ba wanda ya kalli wani. Mai shayi ya miƙa hannu ya mayar da tashar kan kokawa, muka zuba wa kokawar ido kamar 'ya'yanmu ne ke yi. Kafin azahar ƙanwar matata ta bugo waya daga Angren tana taya ni murna, wai ashe mijin yayarta gwani ne. Shi kuwa domla, hukuma ta kira shi birni ya yini yana bayani. Ranar Juma'a ya hau mumbari ya yi huɗuba kan tsaftar alwala, bai ambaci inabi ba ko sau ɗaya, amma da aka sallame bai tsaya gaisawa ba.

Ni kuwa nawa ya fi na kowa. Shekara goma sha ɗaya ina layin aikin hajji, bana sunana ya matso, saura 'yan kwamitin unguwa su sa hannu cewa ni mutumin kirki ne. Shugaban kwamitin kuma Norbota ne, gwanin kwantar da itace. Muka haɗu a bakin famfo, ya ce mini shi dai bai taɓa sanin abin da mutumin nan ke yi a ɗakin ƙasa ba. Na ce ni ma haka, abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Muka girgiza kai tare, gora talatin-talatin a cikin kowannenmu.

Holmirza bai gane komai ba. Shi a ganinsa ya fito da mu duniya. Asabar ɗin ƙarshe ta Oktoba ya sayi nama har da ƙari, Hosiyat opa ta ɗora tukunya tun da sassafe, ya jera shebur a bakin ƙofa ya zauna kan kututture yana jira. Norbota ya aiko cewa hawan jininsa ya tashi. Wani surukarsa ce ba lafiya, wani saniyarsa ce za ta haihu, saniyar da duk gari ya san ta haihu a Agusta. Da hantsi Holmirza ya leƙo ta katanga ya ce, "Eshkobil, uka, ƙanena, ina mutane?" Na dafe ƙugu na ce bayana ne ya riƙe tun jiya, ko sunkuyawa ba na iyawa. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ce in shafa kitsen rago. Da la'asar Hosiyat opa ta bi gida-gida da faranti tana rabon osh ɗin mutum talatin, kuma ba gidan da ya mayar.

Holmirza ya buga wa Nigina waya. Ta ce kada ya damu, masoyansa na da yawa. Mako na gaba mutum huɗu suka zo da fararen takalma, suka binne gindi ɗaya cikin awa biyu, don sai da aka tone aka sake saboda hasken rana bai faɗo daidai a hoton farko ba. Baturen ya aiko da saƙo cewa irin gargajiya ya san ƙasarsa, a bar shi da halitta. Samarinmu duk suna Rasha wurin gini. Holmirza ya cije ya ɗauko 'yan ƙwadago biyu daga kasuwa, suka kama kututture mai shekara tamanin suka danna ta gefen da bai saba ba, ya ce ƙas. Da suka karya na biyu ya bi su da fartanya har bakin titi.

Sai ya kama yi shi kaɗai. Shekararsa saba'in da huɗu. Ina tsaye bayan inda katangar ba ta zube ba, ta wata kafa nake hangensa. Ya dafa itace da gwiwa, Hosiyat opa ta danne kan da duka jikinta, shi ya riƙa tula ƙasa, shebur uku ya tsaya ya huta. Wata rana su yi uku, wata rana biyu. Sau biyu na ɗauki shebur na kai ƙofar gida, na hango wani na tahowa a layi, na yi kamar kwata zan gyara. Kunya ta ishe ni, amma ba ta kai ni gonar ba. Na ce bari dai a sa hannun nan tukuna, ai sanyi sai Disamba. Ranar tara ga Nuwamba ƙasa ta daskare, shebur ya daina shiga. Ya binne goma sha tara.

Hunturun da ya biyo baya kowa na tune da shi, shi ne wanda ya farfasa famfuna ya kashe tsuntsaye a kan waya. Rassan inabin suna rataye a fili, baƙi ƙirin cikin dusar ƙanƙara. Cikin Janairu aka sa mini hannu. Cikin Afrilu duk gonakin gari suka yi toho, gangaren Holmirza shiru. Yakan bi layi da 'yar wuƙa yana kankare ɓawo ko zai ga kore, tun daga sama har saiwa, ya wuce na gaba. Goma sha taran nan kaɗai, da ya tone su, suka fito da idanu jajaye-jajaye. Nigina ta aiko da saƙon jaje mai tsawo, ta ce kwalaben da suka rage yanzu sun zama tarihi.

Norbota ne ya miƙe a masallaci ya ce jama'a, maƙwabcinmu ya gamu da jarrabawa, tsoho ne, ba zai iya kawar da matattun itatuwan nan shi kaɗai ba, taimakon maƙwabci kuwa wajibi ne. Kai, ka ga yadda fuskoki suka washe. Ranar Asabar mutum arba'in da uku suka fito, har da waɗanda ba su taɓa zuwa gayyar ba. Hawan jini ya sauka, bayana ya warke. Na aro tarakta na ɗaura sarƙa. Kowa ya zo da amalanke ko buhu, don ba itacen da ya kai na inabi daɗin gasa nama. Ana aiki ana raha, wannan na tsokanar wancan, kamar shekarun baya. Holmirza ya sayi nama, Hosiyat opa ta ɗora tukunya. Domla ya zo ya yi fatiha, sa'an nan ya riƙe hannun Holmirza ya daɗe bai saki ba.

Kafin azahar mun share gangaren, saura layin ƙarshe na jikin katangata, inda goma sha taran suke da ƙananan ganyensu. Na kashe tarakta na sauko. Holmirza ya taho a hankali, ya tsaya yana kallonsu, sa'an nan ya ce in ɗaura sarƙar.

Na ce, "Haba aka, waɗannan ai da ransu."

Ya ce ya sani, shi ya binne su. Ya ce Oktoba na nan tafe, gwiwarsa ta gama aiki, Hosiyat kuma tun ranar da ta danne na ƙarshe ba ta ƙara ɗaga hannun dama sama ba. Gara a cire su yau da mutane a wurin, da ya zauna yana kallon sanyi na cinsu.

Na rage murya na ce, "Goma sha tara ne kawai. Ni zan zo, aka. Na rantse zan zo."

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Uka, kafar nan ta katanga, ta ɓangarena ma ana gani."

Na ɗaura sarƙar. Ɗanyen itacen inabi ba ya fita da sauƙi kamar matacce, sai da na ƙara wuta, kuma duk wanda ya fito ruwa na ɗiga daga saiwarsa. Mutane suka rarraba su, suna cewa waɗannan sai an shanya tukuna. Hosiyat opa ta kira mu cin abinci, muka wanke hannu muka zauna, Norbota ya ce bana shinkafar ta fi ta kullum, kowa ya ce ƙwarai kuwa. Holmirza na tsaye yana zuba mana shayi. Ni ma na ci, har na karɓi ƙari.